Ɗinyar Gwaggo Hajo da Garmar Shanu

Tun da na dawo daga ƙasar Ikara, duk wanda ya haɗu da ni a bakin ofis ko a masallaci sai ya tambaye ni, wai da gaske ne na ɗauki hutun mako guda saboda itace? Wasu sun ji cewa na yi shari'a da Bature, wasu kuma sun ji cewa na kusa kashe shi da guba. Ko ɗaya bai faru ba. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, shi ya sa na zauna na rubuta shi zango-zango, kowa ya karanta ya huta, ni ma in huta.

Gwaggo Hajo ƙanwar mahaifina ce, tana zaune a wani ƙauye kusa da Furana. Da kakanmu ya rasu aka raba gado, gonar bakin rafi ta faɗa wa baffana, amma itatuwan ɗinya uku da ke jere a tsakiyarta aka ba Gwaggo. Mu mutanen birni wannan yakan ba mu mamaki. Can kuwa ba baƙon abu ba ne: ƙasa ta wani, itacen da ke kanta na wani, kuma kowa ya san iyakarsa. Yanzu gonar tana hannun ɗan baffan nawa, Yaya Isiyaku. Bana ya samu shiga cikin manoman da ake ba garmar shanu, kuma sharaɗin shi ne a share gona sarai, ba itace ba kututture, sai irin waɗanda doka ta hana sarewa, kamar ɗorawa da kaɗanya. Ɗinya ba ta cikinsu.

Wani mai sayar da dankali ne ya kawo mini saƙo har gida a Zariya. Ya ce, "Gwaggonka ta ce in gaya maka an sare ɗaya, an shafa wa biyu jan fenti. Baturen gona zai sauka Ikara kwanan nan, daga nan sai gatari. Ta ce tun da bakinka ya iya shiga akwati ya kai ko'ina, ka zo ka yi mata magana."

Aikina karanta labarai ne a gidan rediyo, abin da take nufi da akwati ke nan. Na nemi izini, aka ba ni kwana bakwai.

Na tashi da safe a motar kaya mai zuwa Makarfi. Aka ɗaure kekena a kan buhunan gishiri, ni kuma na samu wuri a gaba, tsakanin direba da wani mahauci mai jiki. Ƙarshen damina ne, dawa ta yi kai amma ba ta nuna ba. Ba mu daɗe da wuce Hunkuyi ba ruwa ya sauko. Bai fi na sa'a ɗaya ba, amma ya ishe mu, domin mun tarar mai gadin hanya ya riga ya gitta sandarsa. Hanyoyin can na jar ƙasa ne, in an yi ruwa sai a rufe su ga manyan motoci har su bushe, don kada taya ta haƙe su.

Direba ya leƙa ta taga ya ce, "Baba, wannan ai yayyafi ne. Ka taimaka, babban malami na ɗauko, shi ne mai magana a akwati."

Mai gadi ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "To ya yi wa hanyar magana ta bushe mana."

Na tambaye shi sai yaushe. Ya ce sai gobe, in Allah bai ƙaro ba. Na sa aka sauke mini kekena, mahaucin nan ya kwatanta mini gidan wani Malam Audu a Kudan, mai injin matse rake, ya ce in ce shi ya aiko ni.

Na isa Kudan da la'asar. A birni in baƙo ya zo, ruwa ake fara kawo masa. A gidan Malam Audu sandar rake aka fara ajiye mini da wuƙa, ruwa ya biyo baya. Kafin ma in gama ɓare gaɓa ɗaya ya ja ni bayan gida ya nuna mini injin: ƙarafan da ke matse raken, da doguwar sandar da doki ke ja yana zagayawa, da manyan kasake da ake dafa ruwan a ciki har ya daskare ya zama mazarƙwaila. Duk suna rumfa suna jiran kaka. Mutanen Kudan suna maganar rake kamar yadda wasu ke maganar 'ya'yansu, wannan na wane ne, wancan ya fi ruwa, wancan sai an yi haƙuri da shi.

Bayan magariba aka kawo tuwon dawa da miyar ɗanyar kuɓewa, ga kunu an jefa masa mazarƙwaila har ya yi ja. Muna ci ya tambaye ni abin da ya fito da ni. Da na gaya masa, ya yi dariya har ya ƙware.

Ya ce, "Ɗinya? Malam, ka baro aikinka, ka sha dukan ruwa, saboda abincin birai? Da can da ba mu da inji, to. Yanzu wa zai zauna yana tsotsar ƙwallo?"

Na ci gaba da shan kununa. Rabona da cin ɗinya tun ina ɗan shekara bakwai, kafin a kawo ni makaranta birni. Ga ni zan je kare abin da ko ɗanɗanonsa ban tuna ba.

Kashegari na kama hanyar Makarfi. Laka ta cika tsakanin taya da marfinta har keke ya ƙi juyawa, sai na riƙa tsayawa ina ƙwaƙule ta da tsinke. A wasu wurare ni na hau shi, a wasu shi ya hau ni. Na shiga gari wajen azahar, na yi sa'a kasuwa na ci.

Na zagaya rumfunan hatsi da na goro ban ga ɗinya ba. Sai can bakin kasuwa, kusa da inda ake ɗaure jakuna, na tarar da tsofaffin mata sun kasa ta ƙananan kashi a kan faifai. Na sayi kashi ɗaya, na tsuguna nan, na fitar da 'yar wuƙata, domin na ƙudura ba zan yi magana a kan abin da ban duba ba.

Ga abin da na gani. Girmanta kamar kan babban yatsa, ta ɗan fi tsawo a kan faɗi, a gindinta da 'yar hula inda ta rabu da reshe. Fatar siririya ce, baƙa wul, mai sheƙi. Naman baƙi ne mai ɗan gari-gari, zaƙinsa ba ya tsalle a baki kamar na rake, a hankali yake zuwa kuma ya daɗe bai tafi ba. Sai ƙwallon, mai tauri ƙwarai, na fasa shi da dutse na ga ɗakuna huɗu a ciki. Gaskiyar da ba ta yi mini daɗi ba ita ce, ƙwallon ya kusa cinye wurin duka, naman lulluɓi ne kawai. Na tuna dariyar Malam Audu.

Tsohuwar da ta sayar mini tana ta kallona. Da ta ga na yanka ta biyar sai ta ce, "Malam, ci za ka yi ko fiɗa?"

Na cinye sauran don in fita kunyarta. Daga nan na wuce wajen wani abokina da muka yi makaranta tare, wanda yake aikin rubutu a gari, don in ji ranar da Baturen gona zai sauka Ikara. Na yi masa gaisuwa cikakkiya a gaban mutane, na jero bayanina dalla-dalla. Na lura ba idona yake kallo ba, bakina yake kallo. Da na gama ya ce, "Gata zai sauka. Amma kai, ka ci ɗinya." Ya miƙo mini madubi. Harshena da haƙorana da leɓena duk sun yi baƙi kamar na sha tawada. Mutanen da ke wurin suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. A gidansa na kwana, rabin hirarmu a kan bakina aka yi ta.

Rana ta uku na bar babbar hanya na bi turba. Akwai wani rafi da aka ce mini shi ne iyakar ƙasar Makarfi da ta Ikara ta wannan gefen. Ba shinge, ba ɗan doka, amma ranar ya fi kowane mai gadi tsanani, don ya cika ya kawo har ƙirji. Ina tsaye ina shawara sai ga wani dattijon Bafillace da garkensa. Muka gaisa, ya tambayi gida da gajiya, ni ma na tambayi shanu ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ya kamata.

Ya dubi kekena ya ce, "Dokin naka ba ya iyo?"

Na ce masa ba a koya masa ba. Ya ɗora shi a ka, ya nuna mini wata farar saniya, ya ce in kama wutsiyarta kada in saki ko me ya faru. Haka muka haye. Ban saki wutsiya ba, amma rafi ya karɓi takalmina na hagu a matsayin kuɗin fito. A ɗaya gaɓar, da ya ji inda za ni, ya ce ya san ɗinyoyin nan uku. Ya ce shanu suna son 'ya'yan da suka zubo, kuma duk inda ka ga ɗinya ta yi girma haka, ruwa bai yi nisa da ƙasa ba. Ban gaya masa saura biyu ba.

Na shiga gidan Gwaggo da takalmi ɗaya. Ba ta kiran sunana, don sunan mahaifinta aka sa mini, Baba take ce mini. Na durƙusa muka gaisa, ta tambayi iyalina, da maƙwabtana, da mutanen cikin akwati. Sai da aka kawo fura na sha, sannan ta ce, "Baba, ta tsakiya suka sare. Wadda ta fi zaƙi."

Da yamma Yaya Isiyaku ya zo. Ya rame fiye da yadda na san shi. Ya kai ni gonar, ya nuna mini bijimai biyu da garma sabuwa, sannan ya nuna mini kututturen, faɗinsa ya isa mutum biyu su zauna. Sauran biyun suna tsaye dama da hagu, dogaye, kowace da jan fenti a ƙugu.

Ya ce, "Ƙanena, kada ka ɗauke ni azzalumi. Tun ina yaro nake sunkuye a gonar nan da fartanya, bayana ya ƙare. Malam Tanimu, malamin gona, ya ce ko itace ko shanu. Ranar da na sare waccan ban iya cin tuwo ba. Ka gaya mini yadda zan yi."

Ban ga laifinsa ba. Na ce masa mu ga abin da gobe da jibi za su kawo.

Kashegari gajiya ta sa na makara. Da na fito, Gwaggo da maƙwabtanta sun riga sun dawo daga gona da ƙwarya-ƙwarya na ɗinya, har sun fara aiki. A nan na ga amsar abin da ya dame ni a Makarfi. Su ba tsotsar ƙwallo suke yi ba. Ana zuba ɗinyar a turmi a kirɓa ta a hankali, yadda nama zai saki ƙwallo bai fashe ba. A juye a kwando mai ƙananan idanu, a ɗora a bakin tukunya, a zuba ruwa. Ruwan da ya tsiyaye a sake ɗebo shi a mayar ta kan kwandon, a yi ta maimaitawa har ƙwallayen su fito fes, ruwan kuma ya yi baƙi ya yi nauyi. Sai a ɗora a wuta. Tun hantsi yake tafasa, Gwaggo na zaune da muciya tana kwashe kumfa, har la'asar. Tana ɗaga muciya ta ga yana zuba kamar zare bai tsinke ba, ta ce a janye itace. Wannan shi ne maɗi. In an ƙara masa wuta aka ja shi, ya zama alewa.

Tana juyawa tana lissafa mini sauran. Sabon ganyenta, ɗinkin, ana dafa shi a yi kwaɗo tun kafin komai ya fito a gona. Furenta ƙudan zuma ke bi, shi ya sa ake rataya amya a rassanta. Malamai suna dafa tawada da ita. Kuma tana nuna ne daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, dawa ba ta iso ba.

Na rubuta duka a ɗan littafina. Amma da na dubi maɗin, baƙi ƙirin a tsohuwar tukunya mai gawayi, sai na ji kunyar kai shi gaban Bature. Na dubi ɗinyar da ta rage a ƙwarya, wasu sun fashe, wasu da ƙasa a jikinsu. Na ce a raina, Turawa na son abu mai tsabta, mai tauri, wanda aka tsinko daga reshe. Saboda haka da sassafen ranar tafiya Ikara na zame na je gona ni kaɗai, na sami doguwar sanda, na kaɗo waɗanda suka fi kyau a ido: koraye shar, masu fararen ɗigo-ɗigo, wasu sun fara ɗan jaja a gefe. Na wanke su, na jera a farar langa. Ban ɗanɗana ko ɗaya ba, don ban manta da madubin Makarfi ba, kuma ba ni son in tsaya gaban Bature da baƙin baki.

Na ari takalman Yaya Isiyaku, na goya shi a keke muka tafi. Gwaggo ta ce mu yi gaba, ita za ta biyo matan da ke zuwa kasuwa.

Mun tarar da Baturen gona a barandar bariki, dogo ne mai jan wuya, ga tebur ga takardu. Malam Tanimu na tsaye a gefensa, manoma kamar ashirin suna zaune a ƙasa. Da aka zo kanmu na fara da Turanci. Ya ɗaga hannu ya ce, "Yi Hausa, Malam, kowa ya ji." Hausarsa ta littafi ce, amma tana fita.

Na yi bayani yadda na tsara shi: gadon, da al'adar mallakar itace, da amfanin ɗinya ɗaya bayan ɗaya. Ban yi tuntuɓe ba. Ya saurara, ya ce ya sha ganin itacen amma bai taɓa cin 'ya'yan ba, ko na zo da su? Na buɗe langa na ajiye a kan tebur.

Na ji 'yar ƙus-ƙus a bayana. Wani tsoho ya buɗe baki ya sake rufewa. Daga baya na gane dalili: ba wanda zai gyara wa malami magana a gaban Bature. Baturen ya zaɓi babba, ya goge da hankici, ya gatsa.

Wanda bai taɓa gatsar ɗanyar ɗinya ba, ba zai gane ba. Bauri gare ta mai ɗaure harshe da dasashi, kamar an zuba wa mutum toka a baki. Fuskarsa ta tattare wuri ɗaya, idonsa ya kawo ruwa, ya tofar a hankici, ya yi wa kukunsa alama ya kawo ruwa. Ya sha, ya kurkure, abin bai saki ba. Da ƙyar ya ce, "Malam, wannan ne abincin?"

Malam Tanimu ya ce, "Ranka ya daɗe, ko biri ba ya cin ta haka."

Aka kwashe da dariya. Na miƙa hannu zan rufe langa. Na ga Bature ya jawo takardar Yaya Isiyaku ya ɗauki alƙalami.

Sai muka ji sallama. Gwaggo ce, da ƙafafu duk ƙura, ta sauke kwando daga ka. Ta durƙusa ta gaida Bature, ta gaida Malam Tanimu, ta gaida jama'a, ba ta rage ko ɗaya ba. Sannan ta leƙa langa.

Ta ce, "Baba, wa ya tsinko waɗannan?"

Na ce, "Ni ne, Gwaggo."

"Da sanda?"

"Da sanda."

"Allah ya shirye ka. Ɗinya ba a hawanta, ba a dukanta. Wadda ta nuna ita ke saukowa da kanta, kai dai ka sunkuya ka ɗauka." Ta juya ga Bature ta ce, "Ranka ya daɗe, a yi masa afuwa. Yaron kirki ne, boko ne ya yi masa yawa."

Ta fito da wani ɗan tulu daga kwando, bakinsa a liƙe da yumɓu ya bushe ƙamas. Ta ce wannan na bara ne, tun bara war haka ba a buɗe shi ba, kowa ya duba liƙin. Ta miƙa wa Malam Tanimu ya duba, ya gyaɗa kai. Ta fasa da bakin wuƙa a gabansu. Ƙanshi ya tashi har inda nake tsaye.

Bature ya yi jinkiri, kuma ban ga laifinsa ba. Kukunsa ya kawo cokali da yankan burodi. Ya ɗiba kaɗan ya taɓa a harshe. Ya tsaya. Ya sake ɗiba, wannan karon cike da cokali, ya shafa a burodi ya cinye.

Ya ce, "Zuma aka sa?"

Gwaggo ta ce, "Ba zuma, ba rake. Ɗinya ce da ruwa da wuta."

Ya ce a ƙasarsu akwai wani abu mai kama da wannan da suke shafa wa burodi, kuma sai an yi tafiya a jirgin ruwa ake kawo musu shi nan. Ya shiga tambaya: wata nawa yake yi bai lalace ba, wa ake ba, yaya ake sha. Ta ce ana dama shi a kunu. Ta ce ana ba maijego, da wanda ya tashi daga ciwo, da yaron da aka ja fatar idonsa aka ga ta yi fari. Ni ba ni da ma'aunin da zan tabbatar da wannan, amma na ga tsofaffin da ke zaune suna gyaɗa kai tun kafin ta rufe baki.

Malam Tanimu ya ce, "Ranka ya daɗe, ba a musun zaƙi. Amma saiwa tana karya bakin garma, inuwa tana hana auduga. Kuma in aka bar wa wannan, gobe kowa zai zo da tulun gwaggonsa."

Maganarsa gaskiya ce, kuma na ga ta shiga Bature. Gwaggo ba ta yi masa musu ba. Ta nuna Yaya Isiyaku da haɓa.

Ta ce, "Shekarar da fara ta sauka ta cinye dawa har kara, wannan mai shanun yana ɗan yaye, uwarsa ba lafiya, gida ba hatsi. Tulu biyu na maɗi nake da su, da ɗan tsaki. Da su na riƙe shi har ruwa ya sauko. Ga shi nan, a tambaye shi. In shi ya manta, ƙashinsa bai manta ba. Ni ban ce kada a yi noman shanu ba. Amma ranar da fara ta dawo, Malam, garma za a dama wa yara?"

Yaya Isiyaku ya sunkuyar da kai har rawaninsa ya kusa taɓa ƙasa.

Bature ya ce shi ba shi da ikon ƙara itace cikin waɗanda doka ta kare. Amma sharaɗin share gona a hannunsa yake. Ya tambayi Yaya Isiyaku ko shanu za su iya kewaye itace.

Ya ɗago ya ce, "Ranka ya daɗe, in an bar mini su, zan koya musu. Kunyar shuka ce za ta karkace, kuma ni zan bi ta."

Bature ya rubuta cewa itatuwa biyu su tsaya, a bar ƙasar gindinsu ba a sa mata garma ba, Malam Tanimu ya je ya shata iyaka. Ya roƙi Gwaggo ta cika masa kwalba ɗaya, ya ce zai aika a auna abin da ke ciki. Har yau ban ji sakamakon ba, saboda haka ba zan ce komai a kansa ba. Abin da na gani da idona shi ne, tsohuwar da ba ta san baƙi ko ɗaya ba ta gyara abin da ni mai littafi na ɓata, kuma ba ta ɗaga murya ba. Da muka fito ta miƙa mini langata ta ce in rufe su da toka kwana uku, za su nuna, kada a yi asara.

Hanyar dawowa ba ta da labari, rafi ya janye, mota ta samu. Abin da ya rage shi ne safiyar da zan taso.

Malam Tanimu ya iso gona da igiya da turaku. Tun kafin ya sauka daga keke ya ce takarda itace biyu ta ce, kututturen tsakiya dole a tone shi. Yaya Isiyaku ya ɗauko diga. Gwaggo ta je ta tsuguna a gindin kututturen ta janye ciyawa da hannu. Tsiro huɗu ne suka fito daga gefensa, jajaye-jajaye, mafi tsawonsu bai kai tafin hannu ba.

Malam Tanimu ya tsaya yana dubansu. Ya taka daga itacen dama zuwa kututture yana ƙirga taku, ya taka daga kututture zuwa na hagu. Ya dubi garma, ya dubi tazarar. Sannan ya kafa turke, ya ja igiyarsa, ya zagaye dukkan ukun da shata ɗaya. Bai dubi kowa ba, ya ce ai dama shanu biyu ba za su iya juyawa a wannan tsakanin ba. Yaya Isiyaku ya ajiye diga, ya tafi saro ƙaya don kada awaki su cinye tsiron.

Ina ɗaure jakata a keke na ji Malam Tanimu ya matso kusa da Gwaggo, ya rage murya.

Ya ce, "Gwaggo, mai ɗakina ta kusa sauka. In da sauran maɗin nan..."

Ta ce, "Allah ya sauke ta lafiya. Ka aiko da tulunka, zan cika shi. Amma ka fara goge mini jan fentin nan."

Da na kai bakin turba na waiwaya. Ya tuɓe rigarsa ya rataye a reshe, yana kankare jikin ɗinya da dutse, Gwaggo na tsaye a bayansa tana nuna masa inda ya tsallake.